Asuba tana nan inda take, dare ne muka cinye

A Tudun Wada akwai kasuwar da duk Kaduna ta sani da suna Kasuwar Barci. Dattawa suna cewa sunan ya samo asali ne tun lokacin da aka kwaso 'yan kasuwa aka kawo su wurin, masu saye ba su saba da zuwa ba, sai mai kaya ya baje kayansa ya jingina yana jira har barci ya ɗauke shi. Sunan ya zauna duk da cewa kasuwar ta daɗe da cika ta batse, kuma yana nuna yadda muke kallon barci a ƙasar nan. A tunaninmu barci abokin rashin ciniki ne da zaman banza. Wanda ya cika barci muna kiransa rago, wanda ya hana idonsa barci kuwa muna yaba masa da himma, har muna cewa in wani ya yi sammako, wani a tafe ya kwana. Ina ganin wannan tunani yana cutar da mu fiye da yadda muke zato, kuma cutarwar ba ta tsaya kan mai kwanan zaune shi kaɗai ba, tana taɓa iyalinsa da ɗalibansa da fasinjojin da ya ɗauko.

Lissafin ba shi da wuya. A Kaduna ana kiran sallar asuba wajejen ƙarfe biyar, takan ɗan matsa gaba ko baya gwargwadon lokacin shekara, amma ba ta yin nisa da nan. Ko wanda ba masallaci zai je ba, neman abinci da shirya yara makaranta da gudun cunkoson Kawo ko na gadar Stadium sukan tashe shi kusan wannan lokaci. Iyayenmu da kakanninmu ma a lokacin suke tashi, sai dai su da an idar da isha'i wajejen takwas, an ci tuwo an ɗan taɓa hira, kafin goma gari ya yi tsit. Daga tara da rabi zuwa biyar sa'o'i 7 da rabi ke nan, ga kuma ƙailula da rana ga wanda ya samu. Mu kuwa lokacin tashinmu yana nan daram, lokacin kwanciya ne ya yi ta ja da baya. Wasan ƙwallon Turai yakan ƙare wajejen goma ko sha ɗaya, a dawo daga gidan kallo ana musu a hanya. Wuta takan zo da tsakar dare, a tashi yin guga da cajin waya da jan ruwa zuwa tanki. Kamfanonin waya suna sayar da data mai rahusa ta cikin dare, matashi ya jira sha biyu ta yi sannan ya fara sauke fim. Wanda ya kwanta sha biyu da rabi ya tashi biyar, abin da ya samu bai kai sa'o'i 5 ba, kuma haka yake yi shekara da shekaru.

Idan ka gaya wa irin wannan mutum cewa barcinsa bai isa ba, amsar da zai ba ka ita ce ya saba. Wannan kalma ta sabo ita ce ta fi damuna, domin akwai binciken da ya auna ta kai tsaye. A shekarar 2003 masu bincike a Jami'ar Pennsylvania da ke Amurka suka wallafa sakamakon wani gwaji da suka yi wa mutane 48 masu ƙoshin lafiya. Wasu an ba su sa'o'i 8 a gado kowane dare, wasu 6, wasu 4, har tsawon kwana 14, ana gwada natsuwarsu da saurin ganewarsu kowace rana. Masu sa'o'i 6 sun yi ta lalacewa kullum, har a ƙarshen mako na biyu kurakuransu suka kai na mutumin da ya yi dare ɗaya zuwa biyu bai runtsa ba sam. Abin da ya fi ban tsoro shi ne, da aka riƙa tambayarsu yadda suke ji, bayan kwanakin farko sai suka daina jin cewa barcin yana ƙaruwa a idonsu. Aikinsu yana ta ƙasa, su kuma suna ganin sun daidaita. Ashe abin da muke kira sabo, sau da yawa, mantawa ne da yadda hutawa take. Ƙwaƙwalwar da za ta yi wa mutum alƙalanci a kan gajiyarsa ita ce ta gaji.

Na ga wannan da idona a hanyar Abuja, wata rana muna dawowa da dare a motar haya. Ina zaune a gaba, mun wuce Kateri, sai na lura motar tana gangarawa gefen titi a hankali, direban kuma idonsa a buɗe amma babu kowa a cikinsa. Na dafa kafaɗarsa na ce, "Malam direba, lafiya kuwa?" Ya zabura ya gyara sitiyari, ya ce, "Lafiya lau, Malam, ai ni hanyar nan ko ido a rufe na san ta." Da na matsa masa da tambaya, sai ya ce tun asuba yake kan hanya, wannan ne sawunsa na uku. Ya ɓare goro ya jefa a baki. Ba na zarginsa da mugunta, domin mutum ne mai neman abin da zai kai wa mai mota da abin da zai kai gida. Amma wani bincike da aka yi a Ostareliya, aka wallafa a 1997, ya nuna cewa mutumin da ya yi sa'o'i 17 a farke, natsuwarsa takan yi daidai da ta wanda giya ta kai kashi 0.05 cikin ɗari a jininsa, ma'aunin da ƙasashe da dama suka haramta tuƙi da shi. Wanda ya tashi biyar na asuba, da goma na dare ya cika sa'o'i 17. Mu da ba za mu taɓa yarda mu shiga motar mashayi ba, kullum muna shiga motar wanda gajiya ta kai shi wannan matsayi, har muna yi masa sannu da ƙoƙari. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin fiye da mita 100 cikin daƙiƙa 4, wato tsawon filin ƙwallo, kuma gyangyaɗi ɗaya ya isa haka. Hausawa sun yi gaskiya da suka ce barci ɓarawo ne.

To, nawa ne ya isa? Ƙungiyoyin likitocin barci na Amurka sun fitar da matsaya a 2015 cewa baligi yana buƙatar sa'o'i 7 ko fiye a kowane dare, kuma galibin mutane suna faɗawa tsakanin 7 da 9. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar 9 zuwa 12, matashi ɗan 13 zuwa 18 kuma 8 zuwa 10. Tazarar da ke tsakanin 7 da 9 babba ce, kuma a nan ne kowa yake da nasa rabo, kamar yadda tsawo da ƙira suka bambanta. Akwai wanda 7 ke gamsar da shi, akwai wanda in bai sami 8 da rabi ba yini guda yana jan jiki, kuma wannan na biyun ba rago ba ne. Gaskiya ne akwai mutanen da Allah ya halitta da ƙarancin buƙatar barci. A 2009 masu bincike a Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco sun gano wani sauyi a ƙwayar halitta a jikin wata uwa da 'yarta da ke yin sa'o'i 6 da 'yan mintoci su tashi garau. Irin waɗannan mutane 'yan ƙalilan ne ƙwarai, kuma alamarsu ita ce ko ranar hutu haka suke tashi, ba da agogo ba, ba da shayi ba. Wanda yake yin sa'o'i 5 daga Litinin zuwa Juma'a, ranar Asabar kuma ya koma bayan asuba sai hantsi ya dubi ludayi, ba ya cikinsu. Ramuwa yake yi.

Tun da jin jiki ba abin dogaro ba ne, hanyar da na gamsu da ita ita ce mutum ya auna kansa da takarda da biro. A sami ƙaramin littafi, a yi mako biyu ana rubuta lokacin kwanciya da lokacin tashi, da ko an farka cikin dare, da ko an koma bayan asuba ko an yi ƙailula, da abin da aka sha na shayi ko kofi ko goro da lokacin da aka sha shi. A gefe kuma a rubuta yadda yinin ya kasance. Alamomin ƙarancin barci a bayyane suke ga wanda ya so gani: gyangyaɗi lokacin huɗubar Juma'a ko wa'azin Lahadi, barci a cikin Keke Napep tsakanin Kasuwa da Rigasa, karanta shafi ɗaya sau uku ba a fahimta ba, faɗa da iyali a kan abin da bai kai ya kawo ba. Har ma wanda yake alfahari da cewa da zarar kansa ya taɓa filo barci ke ɗauke shi, ya kamata ya sani cewa mai cikakken hutu yakan ɗauki minti 10 zuwa 20 kafin barci ya zo. Idan alamomin sun bayyana, sai a bar lokacin tashi yadda yake, a riƙa matso da lokacin kwanciya da minti 15 ko 30 duk bayan kwana uku ko huɗu, har a kai ranar da mutum zai farka da kansa gab da kiran salla, ya yini bai nemi abin da zai buɗe masa ido ba. Adadin da aka tsaya a kai shi ne rabon mutum. Wanda ya sami hutun aiki zai iya gwada barin jikinsa ya yi iya son ransa, amma kada ya lissafa kwana uku ko huɗu na farko, domin waɗannan na biyan bashi ne.

A wannan lissafi ban ga laifin raba barci kashi biyu ba ga wanda rayuwarsa ta tilasta masa. Sa'o'i 6 da dare da sa'a ɗaya bayan asuba ko bayan azahar sun fi 6 kawai nesa ba kusa ba. Ƙailula tsohuwar al'ada ce da addini ya yaba, kuma minti 20 zuwa 30 sun isa su wartsakar da mutum. In ta yi tsawo ko ta gangara bayan la'asar, sai ta ci daga rabon dare. Abin da ba ya biya shi ne a tara bashin kwana biyar a ce za a sauke shi a safiyar Asabar, domin jiki yana da agogonsa da ke tafiya da haske da duhu da kuma sabon lokaci. Binciken yadda wannan agogo ke aiki ne ya sa aka ba masana uku, Jeffrey Hall da Michael Rosbash da Michael Young, kyautar Nobel a 2017. Wanda yake kwanciya tara yau, gobe ɗaya na dare, jibi sha ɗaya, yana rikita wannan agogo ko da jimillar sa'o'insa ta cika.

Tsawo kuma ba shi kaɗai ba ne. Barci yana tafiya ne zagaye-zagaye, kowane zagaye kamar minti 90, mai nauyin yana yawaita a farkon dare, na mafarki kuma yana yawaita gab da asuba, kuma kowanne yana da aikinsa wajen gyaran jiki da adana abin da aka koya. Duk abin da ke tsinka wannan zagaye yana rage amfanin daren ko da mutum bai tuna ya farka ba. A nan ne nake so a dubi shayi da goro da idon basira. Tun daga safe wani sinadari yana taruwa a ƙwaƙwalwa, shi ne ke jawo jin barci da dare, sinadarin kafeyin (caffeine) da ke cikin kofi da ganyen shayi da goro da lemukan ƙara kuzari kuwa toshe masa hanya yake yi, bai kawar da shi ba. Jiki kuma yakan ɗauki kamar sa'o'i 5 kafin ya rage rabin kafeyin ɗin da aka sha. Wanda ya zauna teburin mai shayi da tara na dare ya sha mai kauri, da biyu na dare rabinsa yana nan a jininsa. Zai iya yin barci, amma barci ne marar nauyi, gobe ya tashi a gajiye ya nemi wani shayin, haka abin zai yi ta juyawa. Wayar hannu ma tana da nata ɓarnar ta fuska biyu, haskenta a ido da kuma abin da ke cikinta na labarin tashin hankali da musu da ke hana zuciya kwanciya.

Akwai abubuwan da suka fi ƙarfin mutum shi kaɗai, kuma saboda su ne na ce wannan magana ta jama'a ce. Jiki yana buƙatar ya ɗan huce kafin barci ya kama shi sosai, to yaya mai ɗakin kwano zai yi a watan Maris da Afrilu in babu wuta? Ya fito tsakar gida, sauro ya karɓe shi, shi ya sa gidan sauro yake maganin cuta biyu a lokaci guda. Mai hali ya tayar da janareta, shi ya yi barci da fanka, maƙwabcinsa da tagarsa ke fuskantar injin ya kwana yana juyi da ƙara da hayaƙi. Mai biki ya kafa lasifika a layi har biyun dare. Wuraren ibada ma, masallaci da coci, wani lokaci sukan saki lasifikar waje a sa'o'in da babu buƙatar haka, alhali a unguwar akwai marar lafiya da mai jego da ma'aikaciyar jinya da ta kwana a asibiti. Haƙƙin maƙwabci da muke yawan ambata ya haɗa da barcinsa, kuma ina ganin masu unguwanni da limamai da fastoci za su iya daidaita wannan da magana tun kafin a kai ga hukuma. Ga kuma 'yan sintiri da masu gadi da rashin tsaro ya sa suke kwana a tsaye domin mu kwanta, gari na wayewa su wuce kasuwa ko gareji. Unguwar da ke cin moriyarsu ya kamata ta tsara musu karɓa-karɓa yadda ba za a bar mutum ɗaya dare uku a jere ba.

Wasu sukan fake da ibada, kamar dai hana ido barci shi ne alamar tsoron Allah. Abin da na karanta ya saɓa wa haka. Alƙur'ani a Suratun Naba'i ya ambaci barci a matsayin hutawa, dare a matsayin sutura, rana kuma lokacin neman abinci. Ya tabbata cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son hira bayan isha'i, kuma ya gaya wa Abdullahi ɗan Amru, lokacin da ya tsananta wa kansa da azumi da tsayuwar dare, cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa, idonsa ma yana da haƙƙi a kansa. Ya kuma umarci wanda gyangyaɗi ya kama yana salla da ya kwanta har barcin ya sake shi. Magabatan da suke tashi tsakar dare su yi nafila, da wuri suke kwanciya. Mu mun riƙe tashin, mun saki kwanciyar.

Waɗanda suka fi kowa asara a gidajenmu, a ganina, mata ne da yara. Uwa ita ce ƙarshen kwanciya bayan wanke-wanke, ita ce farkon tashi don ɗora ruwa da abin kari, tsakanin nan kuma jariri ya tashe ta sau biyu ko uku, ba wanda yake lissafa mata. Idan ta yi ciwon kai ko saurin fushi sai a ce halinta ne. Maigidan da zai karɓi yaro sa'a ɗaya bayan asuba ko ya hana a tashe ta da rana ya yi mata abin da ya fi maganin ciwon kai. Yara kuwa mun cika musu yini da boko da Islamiyya da lesin, abin da kowannensu alheri ne, sannan mu bar su gaban talabijin har sha ɗaya, mu tashe su biyar da rabi. Yaron da ke buƙatar sa'o'i 9 ko 10 yana samun 6 da rabi, malami ya gan shi yana gyangyaɗi a aji ya zane shi. Matasa kuma agogon jikinsu yakan matsa baya da kansa lokacin balaga, barci ba ya zuwa musu da wuri kamar da, don haka su ne suka fi buƙatar a raba su da waya tun daga isha'i. Ɗalibin da ke kwana karatu daren jarrabawa yana zuba ruwa ne a kwando, domin a cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke ɗaure abin da aka karanta.

Akwai kuma inda gyaran ɗabi'a ba ya isa. Mutumin da ke minshari mai ƙarfi, numfashinsa yana tsayawa ya dawo da shaƙuwa, ya tashi da ciwon kai duk da ya yi sa'o'i 8, yana iya kasancewa da cutar toshewar numfashi cikin barci, wadda ke da alaƙa da hawan jini da ciwon zuciya. Galibi matarsa ce ke fara lura, kuma bai kamata kunya ta hana ta faɗa ba. Wanda ya yi watanni barci yana gagararsa, ko yake farkawa biyun dare da tunani da baƙin ciki, shi ma likita ya kamata ya gani, ko a Asibitin Barau Dikko ko a asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, wanda ba don masu taɓin hankali kaɗai aka gina shi ba. Abin da nake tsoro shi ne gajeriyar hanyar da mutane ke bi, su je kemis su sayi ƙwayar barci ba da takardar likita ba. Irin su diyazefam suna kama jiki, adadin da ya yi aiki a watan farko ba ya yi a na uku, kuma wasu daga cikin matan aure da matasan da suka faɗa shaye-shaye ta ƙofar neman barci suka shiga.

Ni da na auna kaina, sa'o'i 7 da rabi na samu. Tun da biyar nake tashi, ya zama dole in kasance a gado kafin tara da rabi ta wuce, kuma abin da na biya shi ne zaman majalisa na bayan isha'i da na yi shekaru ina yi a ƙofar gidan wani aminina. Na mayar da zuwana tsakanin la'asar da magariba. Shayin dare na mayar da shi na safe, waya kuma tana kwana a falo. Maƙwabcina da injinsa ke bayan tagata, na same shi bayan sallar magariba na ce, "Alhaji, wata alfarma nake nema." Ya saurare ni har na gama, ya ce wallahi bai taɓa sanin ƙarar tana shigo mana haka ba. Washegari ya sa yara suka mayar da injin ɗaya gefen gidan, kuma yanzu in ba tsananin zafi ba, da goma yake kashe shi.